Kalwar da Baffa Ya Rufe

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a ƙofar ɗakin da nake haya a nan cikin Birnin Gwari, ina fama da ƙudaje, sai matar maƙwabcina ta fito da bokiti ta tsiyaye ruwan kamu a kwata. Ka san shi ai, ruwan nan mai tsami da ke kwanciya a saman gasarar gero in ta kwana. Ƙanshin ya taso ya same ni. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba, na ce, "Haba 'yar nan, magani kike zubarwa!" Ta yi mini irin kallon da ake yi wa tsohon da aka fara shakkar kansa, ta ce, "Sannu Baba," ta shige ta ja ƙofa. Ni kuwa tsamin nan ya zauna mini a hanci har azahar. Jikina yana kan benci, amma ni ina can ƙauyenmu, ɗan yaro mai faso a ƙafa, ina gindin Kakata.

Ka yi haƙuri da ni, mai karatu. Ban yi nisa a boko ba. Malaminmu ya gaji da ni tun kafin in gaji da shi, muka rabu ba wanda ya yi kewar wani. Abin da na ƙware a kai shi ne surutu da ci. Amma wannan labari na daɗe ina riƙe da shi, kuma duk waɗanda za su ƙaryata ni sun riga mu gidan gaskiya, to ka ga sai yadda na faɗa.

Ƙauyenmu yana can bayan Kazage, inda gonaki ke ƙarewa daji ya fara. Abin da Allah ya hore mana da yawa shi ne itatuwan ɗorawa. Da bazara, lokacin da zafi ke sa kaji su buɗe baki su kwanta a gindin randa, sai 'ya'yanta su nuna su yi ta reto a sama. Mata su fita da dogayen gorori masu ƙugiya, mu yara mu bi su da sunan taimako, alhali cin gari ya kai mu. Mu dawo baki da hanci duk rawaya kamar 'ya'yan agwagwa. Ɓawon a jiƙa shi a yi daɓen ɗaki, garin a dama a sha. Ƙwayar ciki kuwa, wato kalwa, wannan ta Kaka ce, da ita take daddawa.

Gidanmu gidan tsami ne. In ban da tuwo, da wuya Kaka ta bari a ci abu ranar da aka fara shi. Gero sai ya jiƙu ya yi kumfa kafin a niƙa. Ƙullun waina sai ya kwana ya taso yana huci. Akwai wata Bafillatana, ƙawarta tun suna 'yan mata, da ke fitowa daga rugar bakin daji da ƙwarya a ka. Kindirmonta in ka soka ludayi sai ya tsaya ƙyam. Su zauna a inuwar rumbu su yi ta tsiya, ita da Hausarta mai karkata, Kaka da ɗan Fillancin da ta iya, wanda duk zagi ne.

Ni da Kaka, kamar yadda aka saba tsakanin kaka da jika, mata da miji ne. Ta ce mini mijin banza, ba cefane sai ci. In ce mata amarya ba haƙori. Amma tsakaninta da Babana abin ba haka yake ba. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana da magana da shi, ko yana tsaye a gabanta, ni za ta gaya wa, ni kuma in juya in gaya masa abin da ya riga ya ji. Wannan ne aikin gwamnati kaɗai da na taɓa riƙewa a rayuwata.

A bayan rumbunan gidanmu akwai wata 'yar bukka mai gajeriyar ƙofa, ɗakin daddawa. A nan ake kai kalwa bayan an dafa ta, a zuba a kwando, a lulluɓe da ganye da tsummoki, a bar ta ta yi 'yan kwanakinta a rufe. In ta kama, sai ta ɗau zafi da kanta ba wuta, ta yi danƙo, ta yi warin nan da ke sa baƙo ya toshe hanci, ɗan gida kuwa yawunsa ya tsinke. Ɗakin yana da dokoki. Namiji ba ya shiga. Matar da ta yi faɗa ba ta shiga sai ta huce. Sannan kowa a ƙasarmu ya yarda da abu ɗaya, babba da yaro: daddawa ba ta kama wa wanda aljanu suka taɓa. In ya sa mata hannu, ruɓewa za ta yi. Shi ya sa duk matar da daddawarta ta lalace, kafin ta zubar sai ta zauna ta tuna wa da wa suka gifta ta ƙofar.

To, ga Baffa, ƙanen Babana, autan Kaka. Kafin abin ya same shi ba a yi mai barkwanci kamarsa a ƙauyen ba. In ana gayya shi ke ba da waƙa, yana noma yana tsokanar na bayansa. Shi ya koya mini yin fito da yatsu a baki da satar rake ba tare da kara ya yi ƙara ba. Ya yi aure, matarsa ta sami ciki. Naƙuda ta zo mata a tsakiyar damina, rafi ya cika ya batse, ba hanyar kai ta ko'ina. Ta rasu, abin da ke cikinta ma bai zo da rai ba. Baffa da hannunsa ya ɗauki ɗan ƙunshin farin ƙyallen zuwa maƙabarta.

Aka gama zaman makoki kowa ya tashi, shi bai tashi ba. Ya zauna a ɗakinsa yana kallon bango. Ba kuka, ba magana. Ƙuda zai sauka masa a gefen ido ya gama abin da zai yi ya tashi don kansa. A kai tuwo a dawo da shi da ɓawo a sama. Aka yi girbi ba shi, aka shiga rani yana nan. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo, cikinsa kuma ya ɗaure ya yi tauri kamar turmi. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka yi sadaka. Mutane suka ce ranar da ya shiga daji neman hanyar ƙetare rafi ne ya taka abin da ba a takawa.

Kaka ba ta yi gardama da kowa ba. Ita dai tambayarta ɗaya, wadda ke sa matan gida rufe fuska: "Yaushe rabon da yaron nan ya zaga?" Ta ce ita ba ta san abin da ke cikin kansa ba, amma ta ga abin da ke cikin cikinsa, kuma ta nan za ta fara. Kullum da safe sai ta tsiyayi ruwan kamu a ƙoƙo, ta zauna a gabansa, ta kai masa ludayi baki kamar mai yaye. Da rana kindirmon ƙawarta, ba sukari ba komai. Da yamma ɗan romon daddawa da barkono. Daga hannunta kaɗai yake karɓa. A hankali cikin ya saki, ya fara haɗiyar lomar tuwo, idonsa ya rage zurfi. Amma bango dai bango yake kallo.

Sai wata safiya mata suka je ɗiban ruwa suka tarar da shi tsaye a bakin rijiya, yatsun ƙafarsa a kan itacen bakin, yana leƙa ciki. Suka ƙwala ihu. Babana ya zo a guje ya rungumo shi ta baya suka faɗi tare.

Kada ka ɗauka Babana mugu ne. Mutum ne mai shiru da tsoron abin da za a ce ya yi sakaci. A ranar ya aika wa wani mutum can gaba da Tsohon Birnin Gwari, wanda ke karɓar masu taɓin hankali ya sa su a mari, wato ƙarfen ɗaure ƙafa, ya yi musu hayaƙi da bulala har sai abin ya fita. Na taɓa ganin wanda ya dawo daga can. Idon sawunsa duk tabo, kuma ko ƙeya ka ɗaga hannu za ka sosa sai ya duƙa ya kare kansa. Aka ce ɗan aiken mutumin zai zo ranar kasuwa da jaki ya tafi da Baffa.

Da la'asar Babana ya zo ya tsaya a tsakar gida don ya sanar. Kaka tana zaune ta ba shi baya, tana tsince tsakuwa daga kalwa a faifai.

"Kai mijina," ta ce, "tambayi ubanka. Ya ce aljanu ne a jikin yaron nan?"

Na juya. "Baba, wai ta ce..."

"Na ji. Gaya mata kowa haka ya ce."

"Gaya masa ba kowa ne ya haifa mini shi ba."

"Gaya mata yau a bakin rijiya na tsince shi. Gobe in na tsince shi a ciki, me zan ce wa Allah?"

Wannan ban maimaita ba, don na ga hannunta ya tsaya a kan faifan. Can ta ce, "Tambaye shi, daddawa tana kama wa mai aljanu?"

"Ba ta kamawa," in ji Babana, bai ma jira ni ba.

"To gaya masa zan ɗora kalwa. Yaron nan shi zai wanke, shi zai zuba a kwando, shi zai rufe da hannunsa. Ranar kasuwa a buɗe a gaban kowa. In ta kama, a bar mini ɗana. In ta ruɓe, ni zan riƙe ƙafar a sa ƙarfen."

Babana ya dubi ƙasa, ya dubi ƙofar ɗakin ƙanensa, ya ce ya yarda. Ina jin shi ma so yake wani abu ya yanke hukuncin ba shi ba.

Kafin magariba labari ya gama ƙauye. Namiji a ɗakin daddawa! Wasu suka ce tsohuwa ma ta fara taɓuwa. Bafillatanar nan da ta ji sai ta ce da ma ta daɗe da sani.

Kashegari aka wuni ana dafa kalwa a babbar tukunya, hayaƙi ya cika gida. Da ta yi laushi aka sussuka ta a turmi da toka, Kaka ta kamo hannun Baffa ta ja shi har rafi, ni ina biye da kwando a ka. Lokacin rafin ya janye, sai ɗan ruwa a tsakiyar yashi. Ta zaunar da shi, ta kama hannuwansa biyu ta tsoma a ƙwarya, tana murza kalwar da su kamar hannun nata ne. Baƙin ɓawo yana tasowa yana bin ruwa, farar ƙwaya tana zama a ƙasa. Ban san lokacin da ta sake shi ba. Na dai duba na ga hannunta a kan cinyarta, nasa kuma suna ta murza.

Aka sake dafawa, aka tsane. Suka duƙa suka shiga bukkar, ni ina leƙe daga waje. Ta nuna masa yadda ake shimfiɗa ganye a kwando, ya juye kalwar tana tururi, ya barbaɗa ɗan toka, ya rufe da ganye, ya ɗora tsummoki, ta kwance tsohon zanenta ta miƙa masa ya lulluɓe sama. Na ji tana ce masa, "A hankali. Kamar jinjiri take, ba ta son sanyi." Tana faɗa sai ta dubi fuskarsa da sauri. Ya dai ƙara cusa gefen zanen ta ƙarƙashin kwandon.

Ni aka ba gadin ƙofar saboda kaji da awaki. Aikin ya dace da ni, don zama ne a inuwa. Washegari da rana tsaka, gida ya yi tsit kowa yana hutun zafi, sai na ji tafiya. Baffa ne, shi kaɗai, ba wanda ya ja shi. Ya wuce ni kamar ba ni a wurin, ya duƙa ya shiga, ya yaye zanen, ya ɗaga tsummokin da ganyen, ya ɗora bayan hannunsa a kan kalwar. Ya daɗe a haka, kansa a karkace kamar mai sauraro. Sannan ya mayar ya rufe ya fito.

Duk sakarcina na san daddawa ba a buɗe ta. Zafin nan da take tarawa shi ne ranta, in ya fita shi ke nan. Na ruga ɗakin Kaka.

"Amarya, tashi! Baffa yana buɗe daddawa, zai kashe ta!"

Ta tashi zaune da sauri har ɗankwalinta ya faɗi. Ta kai hannu ga sandarta. Sai kuma ta tsaya.

"Wa ya kai shi?"

"Ba kowa. Da ƙafarsa ya je."

Ta ajiye sandar a hankali. "Koma bakin aikinka, mijin banza. Kuma in ka hana shi, na sake ka."

"Ai miji ke saki."

"A gidan nan ni ke saki. Tafi."

Haka ya yi ta zuwa. Da safe ya je, da rana ya je, da yamma ya je. Kowane zuwa sai ya buɗe ya taɓa. Kaka tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ganinsa yana wucewa, ta fi kowa sanin abin da kowace buɗewa ke yi wa kwandon nan, amma ba ta hana shi ba. Goron da ba ya rabuwa da bakinta ma ta daina ci. Na tambaye ta ko za mu musanya da wata daddawar a ɓoye, don ni tun ina yaro dabarata ba ta wuce ta ɓarayi. Ta ce ba za ta ceci ɗanta da ƙarya a bar shi yana yawo a bakin rijiya ba.

Ranar kasuwa da hantsi ɗan aiken ya iso, wani dogo mai jan ido, da jakinsa da wata jakar fata da ke ƙara in ya motsa ta. Mata suka cika bakin danga, maza suka tsaya a zaure suna leƙe. Kaka ta fito da kwandon da kanta ta dire a tsakar gida. Tun kafin ta yaye na san labarin, don hancina bai taɓa yi mini ƙarya a kan abinci ba. Ba warin daddawa ba ne. Wari ne irin na mushen ɓera a rumbu. Ta ɗaga ganyen. Kalwar ta yi sanyi ƙalau, ta yi ruwa-ruwa, ga furfura a sama. Wata mata a bakin danga ta ja salati.

Kaka ta zauna a ƙasa daɓas, ta miƙe ƙafafu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Mijina, gaya masa na ga abin da ya gani."

Ɗan aiken ya kwance bakin jakarsa. Babana ya je ya kama Baffa a damtse, fuskarsa kamar shi za a sa wa ƙarfen. Baffa bai ƙi ba, amma idonsa yana kan kwandon.

"Yaya."

Muryar ta fito a shaƙe kamar tsohuwar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Rabon da a ji ta tun damina. Kowa ya daskare.

"Yaya, ni na ɓata ta. Inna ta ce ba ta son sanyi. Ni kuma na ji tsoro kada ta mutu a ciki ba wanda ya sani. Sai na yi ta buɗewa." Ya juya wajen Kaka. "Inna, akwai sauran kalwa?"

Kaka ta riga ta yi alkawari a gaban jama'a, kuma ba mace ce mai cin alkawari ba. Ta dai sunkuyar da kai tana jan zaren bakin zanenta. Maganar ta koma hannun Babana, inda bai so ta koma ba.

Ya daɗe riƙe da damtsen nan. Sannan ya saki, ya shiga rumbu ya ɗebo dawa a ƙwarya ya juye wa ɗan aiken a buhu, ya ce a kawo masa fura ya sha kafin ya kama hanya.

"Kun dai ga daddawar da idonku," in ji mutumin, yana ɗaure jakarsa. "Za ku sake nemana."

"In mun neme ka, ka zo," in ji Babana.

Ya shige ɗakinsa ya fito da gatari a kafaɗa. Da ya zo daidai inda nake sai ya tsaya, bai dubi mahaifiyarsa ba, ya ce, "Kai, gaya wa matarka ta wanke tukunya. Itacen da ya rage ba zai dafa kalwa ba, bari in je in saro."

Na juya zan maimaita, ta ce, "Na ji, sarkin surutu."

Ba zan yi maka ƙarya in ce ta biyun ta yi kyau ba. Ta kama rabi, aka ci a gida don kada a ji kunya. Sai a ta gaba ce ya iya daurewa ya zauna a ƙofar bukkar bai buɗe ba, yana zufa kamar mai noma. Ranar da aka yaye ta, zare yana bin ganye, wari ya kori kaji, ya yi dariya har ya riƙe ciki. Kuma ba zan ce maka ya warke sarai ba. Duk shekara in rafi ya cika sai abin ya dawo masa, ya yi shiru, idonsa ya koma bango. Amma ya san hanya. Sai ya tashi ya ɗora kalwa, Babana kuma in ya ga hayaƙi a bayan rumbu ba ya tambaya, sai dai a ga itace a jibge. Bayan rasuwar Kaka shi ya gaji bukkar. Maza suna tsokanarsa a kasuwa, "Uwar daddawa, yau nawa-nawa?" Shi kuma ya ce, "Je ka tambayi matarka abin da ya sa ka suɗe kwano jiya." Ya yi furfura, ya rasu a kan tabarmarsa. Ƙarfe bai taɓa hawa ƙafarsa ba.

Ni kuwa da na girma na shigo gari, sai na ga tsami abin ƙauyawa ne. Shayi da burodi da safe, sukari sai cokali ya tsaya, lemon kwalba da rana, miya in ba ɗan dunƙulen kanti ba na ce ba ta yi ba. Na yi tumbi, ina taƙama da shi, ina cewa hutu ne. Ashe ciwon suga ne ke gina gida. Yanzu ƙwayoyin da nake haɗiya da safe sun fi lomar tuwon da aka yarje mini.

Wata 'yar likita da ke duba ni, sa'ar jikata, ta ce in rage zaƙi, in koma kindirmo da koko ba sukari da miyar daddawa. Ta ce akwai wasu ƙananan halittu a irin abincin nan da ido ba ya gani, in sun shiga hanji suna taya wasu da ke can aiki, kuma masana suna ta bincike a kan yadda hakan ke shafar sugan jini, har ma da walwalar zuciya. Na ce ashe duk tsawon rayuwata gidan haya ne ni, ba wanda ya taɓa biya na. Ta yi dariya. Na ba ta labarin Baffa, na ce to tsamin ne ya tashe shi, ko aikin, ko uwar? Ta ce ba za ta iya rabe mini su ba, kuma kada in ce ta ce kindirmo yana maganin ciwon suga ko na damuwa in watsar da ƙwayoyina. Ta ce mai irin halin Baffa yau asibiti ya kamata a kawo shi, ba mari ba. Na ce ai fa, in akwai mai kawo shi.

Don yanzu ƙauyenmu ba kowa. 'Yan bindiga sun tashe mu, mun watse kamar an jefa dutse cikin tsuntsaye. Hanyar da za ta kai ni kabarin Baffa ba mai bin ta sai wanda ya gaji da duniya. Matan ruga da ke shigowa da nono sun ragu, waɗanda suka zo ɗin ma ba mai zaunar da su a inuwa a yi tsiya, kowa kallon kowa yake da gefen ido. Uwargidana ta rasu bayan mun shigo gari ba da daɗewa ba. 'Ya'yan suna Kaduna da Minna, suna ƙoƙari, suna bugo waya.

Daminar bara abin ya zo mini ni ma. Na gane takunsa, don na taɓa ganin sa a gidanmu. Na wayi gari ina zaune a bakin katifa, ba na son ci, ba na son magana, ni da ko a salla sai na daure nake yin shiru. Na duba bangon ɗakin nan na ga ashe yana da daɗin kallo. Sai na yi tunani: shi Baffa har rigima aka yi a kansa. Wani na cewa a ɗaure shi, wata na cewa a bar shi, duk don suna ganinsa. A gidan hayan nan kowa da kwaɗonsa a ƙofa. In na zauna haka, sai dai wari ya sanar da su, kuma ba na daddawa ba.

Shi ya sa kullum bayan asuba nake jan ƙafa zuwa wajen mai koko ta bakin tasha. In ce a zuba mini mai tsami, kada a sa sukari. In zauna a bencinta in tsokani 'yan acaɓa, in soki ƙosanta, in ƙi tashi har sai wani ya ba ni haushi ko na ba wani. Ta ce ba ta taɓa ganin tsoho mai neman magana irina ba. Na ce mata na ji, na kuma yarda. Amma ranar da kika ga rana ta fito ba ni a bencin nan, kada ki ce tsoho ya huta. Ki aiko a buga mini ƙofa.